Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Hukumar NSITF: Ana Ƙirga Wa Lebura Kwanaki Yana Kwance Bai Sani Ba

Zuwa ga Manajan Darakta da membobin Majalisar Gudanarwa,
Hukumar Inshorar Ma'aikata ta Ƙasa, NSITF, Abuja.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, na rubuto ne a kan wa'adin da doka ta ɗibar wa ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki, na kai rahoto da na neman diyya. Na zaɓi in rubuta da Hausa, a fili inda kowa zai gani, domin mutanen da wannan wa'adi ya fi cinyewa a nan Kano da Hausa suke kuka, da Hausa kuma ake ba su haƙuri. Ni ba lauya ba ne. Shekara 19 na yi ina riƙe da makullin sito a masana'antu biyu, ina ƙirga buhunan da suka shiga da katan-katan da suka fita. Abin da ya sa ni karatun doka da furfura a gemu shi ne hannun ƙanena.

Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Ni na ɗauko shi daga ƙauye bayan girbi, ni kuma na yi masa hanya wurin wani ɗan kwangila da ke kai wa wata masana'antar roba leburori. Aka sa shi a kan injin da ke niƙa tsofaffin bokitai da jarkoki. Wani dare cikin hunturu, wajen ƙarfe uku, wata jarka ta maƙale a bakin injin. Sandar da ake turawa da ita ta karye tun makonni ba a kawo wata ba, sai ya sa hannu kamar yadda ya ga kowa yana yi. Hannun rigar sanyinsa injin ya fara kamawa. Kafin abokin aikinsa ya kai ga makunni, manuniya da yatsan tsakiya da na kusa da shi sun tafi, a hannun dama.

Helma ne ya cire hiraminsa ya ɗaure hannun, ya sa shi a motar kamfani ya kai shi wani ƙaramin asibitin kuɗi. Ni sai bayan sallar asuba aka kira ni. Na tarar da shi a kan gado, an rataye hannun sama, bandeji ya jiƙe ya yi baƙi-baƙi, leɓunansa sun bushe sun yi fari. Maganar da ya fara yi mini ita ce, "Yaya, kada ka gaya wa Inna tukuna." Bai tambayi aiki ba, bai tambayi kuɗi ba. Mutumin da ke cikin wannan hali ne doka ta fara ƙirga wa kwanaki tun daga wannan daren.

Kashegari manaja ya zo da kansa, da ledar lemo da gwangwanin madara. Ya biya kuɗin asibiti, ya tura ambulan mai naira dubu 30 ƙarƙashin filo, ya dafa kafaɗar yaron ya ce, "Ka kwantar da hankalinka, kai namu ne. In ka warke aikinka yana nan." Na raka shi har mota ina godiya, kuma har zuciyata nake godiyar. A kwana na goma wani kawunmu da ya taɓa aikin reluwe ya zo dubiya. Ya ja ni gefe ya ce mu nemi kamfani ya ba mu takarda cewa a bakin aiki abin ya faru. Na ce masa, "Kawu, mutumin da ya yi mana wannan halacci, da wane ido zan je in ce ya rubuta mini?" Wannan amsa tawa ita ce ke hana ni barci har yau.

An ba shi rabin albashi wata uku, aka daina. A wata na biyar ya koma, tun daga bakin ƙofa mai gadi ya shaida masa cewa ɗan kwangilar da ya kawo su ya bar kamfanin, sunansa ba ya cikin sabon littafi. Manajan nan kuwa an ɗauke shi. Aka shiga je-ka-ka-dawo, yau babban oga ya yi tafiya, gobe ana lissafin ƙarshen shekara. Sai da aka yi shekara ɗaya da wata huɗu sannan ɗan wani maƙwabcinmu ya ce mana ai akwai hukumar gwamnati da ke biyan irin wannan diyya, amma shekara ɗaya ake ba mutum, mun makara. Muka ce Allah ya sa haka ya fi alheri, muka naɗe tabarmarmu. Ba mu taɓa taka ofishinku ba, saboda haka ba ƙararku na kawo ba. Labarinku ne bai iso mu a kan lokaci ba, da ya iso kuma rabinsa ne ya zo.

Daga baya, da 'yata ta shiga jami'a, na sa ta nemo mini dokar a waya. Dare uku tana karantawa tana fassara mini, ni ina rubutawa a littafin 'yan makaranta. A nan na gano cewa ƙofar da aka ce mana ta rufe, ashe a sakaye take a lokacin. Wata biyu kacal kafin wannan karatun namu ta rufe da gaske.

Ranku ya daɗe, kun fi ni sanin dokar, amma tunda wasiƙar a buɗe take, ku ba ni dama in faɗe ta da bakin da 'yan'uwana za su ji. Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ce ta 2010, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Disamba na shekarar, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1987. A tsohon tsari lebura da kansa zai bi ubangidansa ya biya shi, in ya ƙi sai kotu, to ina lebura ina kuɗin lauya? Sabuwar doka ta ce kowane mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a wata cikin asusun da aka danƙa muku, ba tare da ya yanki ko kwabo daga albashin ma'aikaci ba, ku kuma ku biya wanda tsautsayi ya faɗa wa ba sai an tsaya neman mai laifi ba. A kan mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70, naira 700 ke nan a wata. Da dokar ta zo faɗin wane ne ma'aikaci, ba ta tsaya a kan mai takardar ɗauka ba. Ta haɗa da wanda aka ɗauka da baki, da na wucin gadi, da ɗan koyon aiki, har da ɗan aikin gida in ba ɗan gidan ba ne. Sojoji aka ware. Ƙanena yana ciki tsundum.

Sai maganar wa'adi, kuma ba ɗaya ba ne. Sashe na 4 ya ba ma'aikaci kwana 14 ya sanar da wurin aikinsa, in kuwa rasuwa ce iyalinsa su sanar. Manaja, ko mai kula da aiki, ko mai ba da agajin gaggawa, ko wani wakilin kamfani, duk wanda aka gaya wa ya wadatar, a faɗi suna da lokaci da wuri da yadda abin ya auku, da magana irin ta yau da kullum. Wanda bai yi haka ba yana iya rasa haƙƙinsa. Sashe na 5 ya juya kan mai kamfani: kwana 7 gare shi ya kawo muku rahoto, in rai aka rasa kuwa nan take, kuma ƙin yin hakan laifi ne a doka. Sashe na 6 shi ne ya kayar da mu. A cike fom ɗinku, a sa hannu, a miƙa cikin shekara ɗaya daga ranar rauni ko nakasa ko rasuwa. Amma a nan ƙarƙashinsa an rubuta cewa idan kun gamsu akwai wani dalili na musamman da ya hana mutum, kuna iya biyansa matuƙar ya kawo takardarsa cikin shekara 3. Akwai kuma wata 6 ga wanda wani mutum daban ya jawo masa raunin, kamar direban da ya buge shi a hanya, domin ya zaɓi diyyarku maimakon kai ƙara. In kun yanke hukunci bai gamsu ba, kwana 180 gare shi ya rubuto ku sake dubawa, daga nan sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Ku ƙirga da ni. Wa'adi shida ke nan, biyar a wuyan mai rauni, ɗaya tak a wuyan mai kamfani. Mai akawu da sakatare da lauya an ba shi ɗaya ya riƙe, wanda da ƙyar yake rubuta sunansa da boko, yana kwance da hannu a rataye, an ba shi biyar.

Abin da ya fi ƙona mini rai a wannan karatu shi ne ƙarshen sashe na 4. Ya ce rashin sanarwa ba zai hana diyya ba idan kun gamsu cewa mai kamfani ko wakilinsa ya san da faruwar abin, ko bayanin da aka bayar ya isa a gane raunin ko da bai cika ba, ko kuma jinkirin bai cutar da mai kamfani ba kuma adalci ya nuna a biya. To helma ne ya ɗauki ƙanena, a motar kamfani, manaja kuma ya zo har gefen gadonsa. Kwana 14 ɗin nan ba su taɓa zama matsalarmu ba. Shekarar kuwa alkawari ne ya cinye ta, wata bayan wata, a bakin ƙofar masana'anta. In wannan bai zama dalili na musamman ba, mene ne zai zama? Waɗanda suka tsara dokar sun bar ƙofofin rahama a cikinta. Sai dai labarin da ke yawo a unguwa, in ma ya zo, na rufewa ne kaɗai: "Shekara ɗaya ce, ka makara."

Ban ce a soke wa'adi ba. Aikin sito ya koya mini cewa kayan da ba a rubuta ranar shigowarsu ba, bayan wata shida babu mai iya rantsuwa a kansu. Shaidu suna watsewa, ciwo yana warkewa ya ɓoye asalinsa, kuma ba a rasa wanda zai faɗo daga babur ranar biki ya ce a kamfani ya karye. Asusun nan amana ne a hannunku, dole ku tsare shi. Amma wa'adi yana zama adalci ne a kan wanda aka gaya masa. A shekara 19 na ga takardu iri-iri a manne a bangon masana'anta: wanda ya makara za a yanke masa kaza, an hana shiga da waya, wanda aka kama da sata kora ce da 'yan sanda. Ban taɓa ganin ko ɗaya da ta ce, in ka ji ciwo kana da kwana 14, kana da shekara ɗaya, ga ofishin da za ka je ba.

Ina so ku fahimci yadda kwanakin ke ƙarewa a gidajenmu, domin daga Abuja zai yi kama da sakaci. Makon farko na ciwo ne da masu dubiya. In karaya ce, galibi wurin mai ɗori ake nufa, shi kuwa ba ya ba da kati ba ya rubuta kwanan wata. Sai kunya, irin wadda ta kama ni, domin an rene mu a kan cewa wanda ya zo duba ka da ambulan ba ka tambayarsa takarda. Sai tsoro: lebura ya san akwai mutum ashirin a bakin ƙofa kowace safiya suna jiran gurbinsa, in ya ɗaga murya ya rasa yatsu ya rasa aiki. Sai kuma kalmar da ta fi kowace nauyi, ƙaddara. Mun yi imani da ita, ni ma ban taɓa shakkar cewa abin da ya sami ƙanena rubutacce ne ba. Amma addinin da ya koya mana ƙaddara shi ne ya yanka diyyar rai raƙuma 100, ta kowane yatsa raƙuma 10. Karɓar diyya ba ƙin hukuncin Allah ba ne. Akwai masu kamfani da ke fakewa da wannan kalma da gangan, suna ba mutum haƙuri suna kallon kalanda.

Wasu ma har takarda suke kawowa asibiti, a ba mutum 'yan kuɗi, a sa shi ya dangwala yatsan da ya rage cewa ya yafe komai. Sashe na 13 ya ce irin wannan yarjejeniya ba ta da ƙarfi a doka ko kaɗan. Leburori nawa ne suka san haka? Wanda ya dangwala gani yake ya riga ya sayar da haƙƙinsa, ba zai ƙara ɗaga maganar ba.

Saboda haka babban roƙona yana kan kwana 7 ɗin nan na mai kamfani. Shi ne ya san doka, shi ne ke da littafin shiga da fita, kuma ba daga aljihunsa diyyar za ta fito ba. Me zai sa ya ɓoye? A ganina dalili biyu ne: ko dai bai yi rajista da ku ba, ko ya yi amma ya rage yawan ma'aikatan da ya bayyana, ya bar 'yan wucin gadi a hannun ɗan kwangila kamar ba su taɓa taka harabar ba. Rahoton rauni guda zai tona wannan, shi ya sa ambulan ta fi masa sauƙi. Ina roƙonku ku kafa ƙa'ida, ku kuma shelanta ta, cewa duk inda ta tabbata kamfani ya san da rauni bai kawo muku rahoto ba, wannan kaɗai ya isa dalili na musamman da zai buɗe wa ma'aikaci shekara 3. Bai kamata wanda ya karya nasa wa'adin ya ci ribar jinkirin da shi ya haddasa ba. Ku gurfanar da irin waɗannan kamfanoni kamar yadda doka ta ba ku iko, ku bari a ji. Ku kuma fito fili ku faɗi matsayin leburan da kamfaninsa bai yi rajista ba, ya san in ya zo wurinku me zai tarar, domin irinsa ne suka cika Sharaɗa da Challawa da Bompai da Dakata, da wuraren gini a faɗin gari.

Yanzu bari in zo kan matan da aka mutu aka bari, domin nan ne ƙirgen doka da ƙirgen rayuwarmu suka fi saɓawa. Sashe na 7 ya amince da hatsarin da ya sami ma'aikaci a hanya tsakanin wurin aiki da gidansa, ko wurin da ya saba cin abinci, ko inda yake karɓar albashi, in dai kamfani ya san wurin tun da farko. To a ce mutum ya tashi daga aikin dare, babbar mota ta take shi a titin Zariya. Mutanen gari suka kai shi asibiti, 'yan'uwa suka ɗauki gawa zuwa ƙauye. A kamfani sai a rubuta bai zo aiki ba. A gida kuwa ana zaman makoki, an yi sadakar uku, an yi ta bakwai, kafin baƙi su gama watsewa kwana 14 sun wuce. Matarsa ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, ba ta fita sai da lalura. Cikin wata 6 ɗin da aka ba ta ta zaɓi tsakanin diyyarku da ƙarar direba, takaba ta cinye fiye da huɗu. Wataƙila ma abin da ta sani game da aikin mijinta bai wuce "yana kamfani a Kano" ba. Alhali dokar ta tanadar wa matar da ta dogara da mamacin, mai 'ya'ya biyu ko fiye, kashi 90 cikin 100 na albashinsa kowane wata. A kan naira dubu 70, naira dubu 63 ke nan, abin da zai riƙe marayu a makaranta ya hana su fita talla. Wa'adin wata 6 ɗin nan doka ta ba ku ikon tsawaita shi. Ku tsawaita wa mai takaba, ku rubuta shi a ƙa'idarku kada ya zama alfarma da sai mai hanya yake samu.

Haka nan cututtukan da ba su da ranar farawa. Mai fasa dutse da ƙura ta cika masa huhu, da mai aiki cikin sinadarin jima a kamfanonin fata, da wanda ƙarar inji ta cinye masa kunne shekara da shekaru, wace rana za a ce ciwonsu ya fara? Irin wannan mutum tari zai yi ta yi yana sayen magani a kemis, har a sallame shi daga aiki ya koma gida. Dokar ta san da cututtukan aiki, ta san da kurumta. Abin da ya dace shi ne a fara ƙirga masa daga ranar da likita ya shaida masa cewa aikinsa ne sanadi. In sai an gyara doka kafin hakan ya tabbata, to ku ne ya kamata ku kai maganar gaban Majalisar Dokoki ta Ƙasa, tare da maganar ƙara kwana 14 ɗin nan. Wakilan Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa, NLC, da ke zaune tare da ku a majalisar gudanarwa, da ku nake musamman.

Sauran roƙona ba ya buƙatar sabuwar doka. Kamfanoni suna zuwa wurinku neman takardar shaidar biyan kuɗi domin su sami kwangilar gwamnati. Ku sa sharaɗi cewa sai an ga sanarwar wa'adin nan a manne a ƙofar shiga da wurin karɓar albashi, da Hausar boko da ta ajami, a sauran jihohi kuma da harshen mutanen wurin. Ku buɗe lambar waya da mai jinya zai kira ko ya tura saƙon murya daga gefen gado, ku riƙe wannan rana a matsayin ranar da labari ya iso ku, fom ya biyo baya. Hannun da injin ya ci, da ƙafar da ta karye a wurin gini, ƙarshenta Asibitin Ƙashi na Dala suke zuwa, ko Asibitin Murtala, ko na Malam Aminu Kano. Jami'inku guda da zai riƙa zagaya ɗakunan nan sau ɗaya a mako yana tambaya, "Malam, a wurin aiki ka ji wannan ciwon?" zai tsamo mutanen da taron otal goma ba zai kai gare su ba. Sannan kowace shekara ku bayyana yawan takardun da aka ƙi saboda makara, da yawan waɗanda aka yi wa uzuri, domin a ga ko ƙofofin da doka ta bari ana buɗe su.

Ranku ya daɗe, ku yi mini uzuri in waiwaya ga 'yan'uwana da za su karanta wannan, ko a karanta musu. In tsautsayi ya faɗa wa naka, bayan ka gaya wa helma da baki, ka tura wa manaja saƙo a waya mai ɗauke da suna da rana da wuri, kada ka goge. Ka ɗauki hoton raunin da na katin asibiti, ka adana rasit ko na bandeji ne. Ka karɓi lambar abokan aikin da suke wurin tun kafin su watse. Ka karɓi taimakon kamfani ka yi godiya, ba laifi ba ne, amma kada ka jira alkawari: ka nemi ofishin NSITF na jiharka tun cikin watan farko ka tambaya ko an kawo musu rahoto. In shekara ta wuce kada ka yanke wa kanka hukunci kamar yadda muka yi, ka je ka faɗi abin da ya hana ka. Kawuna ya faɗa mini rabin wannan a kwana na goma ban ji ba.

Ƙanena yanzu gadi yake yi a wata makarantar Islamiyya. Ya koyi riƙe cokali tsakanin babban yatsa da ƙaramin, amma a taron suna ko ɗaurin aure ba ya sa hannu a kwano tare da mutane, sai ya ce ya ƙoshi. In muna sahu ɗaya aka zauna tahiya, nakan ga hannun yana motsi a kan gwiwarsa, yana neman ɗaga manuniyar da babu ita. Bai taɓa ce mini komai a kan abin da na faɗa wa Kawu ba, ko sau ɗaya.

Da na gaya masa zan rubuto muku, na karanta masa abin da na tsara, ya yi shiru ya saurara har ƙarshe. Sai ya ce, "Yaya, ka manta rediyo. Ka ce musu su sa a rediyo, amma da asuba, lokacin da 'yan aikin dare suke tashi, domin da yamma muna kan inji ba ma ji." Na yi masa alkawarin zan rubuta kamar yadda ya faɗa, ga shi na rubuta.

Wassalam. Allah ya taimake ku a kan amanar da ke hannunku.

Naku,
Wani tsohon ma'aikacin sito,
Kano.